Ta ce santsi ne ya kwashe ta a banɗaki

Sista Rabi: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri da dogon rubutu, akwai abin da ya daɗe yana cina a rai yau dai nace sai na fitar da shi. Shekarun baya ina aikin dare aka kawo mana wata mata wajen ƙarfe ɗaya, cikinta ya kai wata bakwai, ido ɗaya ya kumbura suntum leɓe ya fashe. Mijin ne ya kawo ta shi da uwarsa. Nace baiwar Allah me ya same ki, kafin ta buɗe baki mijin yace santsi ne ya kwashe ta a banɗaki. Duk tambayar da nayi shi ke amsawa, ita kuwa idonta na ƙasa. Da nazo ɗaura mata abin awon jini sai naga shatin yatsu a wuyanta, wallahi da idona na gani. Amma ɗakin cike yake da mutane, gado kusa da gado ko labule babu, ga shi tsaye a kaina. Na wanke ciwon aka duba ɗan yana motsi, aka rubuta a folda cewa faɗuwa tayi, muka sallame ta. Bayan sati uku aka dawo da ita tana zubar da jini, ɗan bai zo da rai ba. Har yau ina tambayar kaina me ya kamata inyi a daren farko. Shi ne nake so mu tattauna, tunda akwai likitoci da lauyoyi da malamai a gidan nan.

Maman Ikram: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jikina duk yayi sanyi wlh

Alhaji Sabo: Allah ya ba ta lada. Amma Sista ni a ganina kin yi aikinki, asibiti wurin magani ne ba kotu ba. Tsakanin miji da mata sai Allah, kina shiga gobe su shirya ke ki zama abokiyar gaba. Tana da iyaye tana da waliyyi, akwai mai unguwa akwai liman. In ma'aikatan asibiti suka fara binciken abin da ke faruwa a ɗakunan mutane to maza zasu hana matansu zuwa awo gaba ɗaya, dama yaya aka ƙare

Dakta Hadiza: Baba Alhaji ina kwana. Maganarka ta ƙarshe gaskiya ce kuma mu ma tana damunmu, shi yasa abin yake son dabara. Amma ka duba, matar da take cikin kulle a cikin birnin Zariya ko a Tudun Jukun, wace ƙofa ce take fita ba tare da an tuhume ta ba? Awo, haihuwa, kai yaro rigakafi. In taje gida an ce tayi haƙuri, in taje wurin mai unguwa kafin la'asar unguwa ta ji. Mu kaɗai ne muke ganin jikinta, mu kaɗai doka da aikinmu suka ɗora wa riƙe sirrinta. In mu ma muka kau da kai to babu sauran wanda zai gani.
Kuma duka ai ciwo ne Baba. Yana zubar da ciki, yana kawo haihuwar bakwaini, yana kawo ciwon damuwa. Mace nawa ke zuwa mana duk wata da ciwon kai, rashin barci, faɗuwar gaba, ciwon mara, a yi gwaji a ga ba komai, a ba ta farasitamol ta tafi wata mai zuwa ta dawo. Muna ta shafa wa ƙurji mai ba mu matse shi ba. Hukumar lafiya ta duniya tace kusan mace 1 cikin 3 a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i, mafi yawa daga wanda take tare da shi. A nan Najeriya binciken lafiyar iyali na 2018 ya nuna kashi 31 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 an taɓa dukansu tun daga shekara 15. Ka lissafa wannan a layin awo na ranar Litinin.

Alhaji Sabo: To naji. Sai ku kira ɗan sanda kenan a kama mijin?

Dakta Hadiza: A'a Baba. Babbar mace mai hankalinta ba a kai maganarta wurin hukuma ba da yardarta ba, ko hukumar lafiya ta duniya bata goyi bayan a tilasta mana haka ba, domin kana iya kiran ƴan sanda yau su sake shi gobe, ita ce zata kwana gida ɗaya da shi. Kuma ba a ce a tare kowace mace da tambaya ba, sai wadda aka ga alama. Abin da ake so ba shi da tsada. Na farko a raba ta da mai rakiya cikin hikima, ni nakan ce zamu je gwajin fitsari, ko ince wannan dubawar ta mata ce malam ya ɗan jira a waje, babu namijin da ke musu da wannan. In mun keɓe sai ince, naga wannan ciwon, mata da yawa da nake gani da irinsa wani ne ya ji musu, lafiya kike a gida? In tayi shiru ban matsa ba, nace ƙofata a buɗe take. In ta faɗa in saurara har ta gama, ba zan ce me kika yi masa ba, ba zan ce ki fita ki bar gidan ba don ba ni zan riƙe mata yara ba. Sai in tambaya ko tana tsoron komawa yau, ya taɓa shaƙe ki, ya taɓa ɗauko wuƙa, ya taɓa cewa zai kashe ki, dukan yana ƙaruwa ne. Sista Rabi wannan shatin yatsun da kika gani a wuya yana cikin manyan alamun haɗari, wanda ya fara shaƙewa ya kusa kisa. Daga nan mu yi shawara tare, in abu ya ɓaci da dare gidan wa zaki gudu, wa kika yarda da shi a dangi. Sannan in rubuta abin da na gani daidai, girman ciwon da wurinsa da abin da ta faɗa da bakinta, a ajiye inda mijin ba zai karanta a katin hannu ba.

Sista Rabi: Dakta wallahi da an koya mana wannan a makaranta da ko gwajin fitsarin nan na ƙirƙira. Mu abin da muka sani a wanke a ɗinke a rubuta

Nuhu mai kemis: Ni ma bari in sa baki. Kafin su zo wurinku wurinmu suke fara zuwa, ni ina Sabon Gari shekara da shekaru. Yaro za a aiko da daddare yace a ba da man zafi da maganin kumburi inji mamana, in ka saba da gidan ka san me ya faru. Wanda yafi tayar min da hankali uwa ce zata zo tana raɗa tace a bani maganin da zai wanke yarinya, an ɓata ta. Da can ni dai na kan ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ince Allah ya kiyaye gaba. Yanzu nake ganin kamar ban kyauta ba

Dakta Aminu: Malam Nuhu madalla da ka kawo wannan, don shi ne inda lokaci ke da muhimmanci fiye da komai. In anyi wa yarinya ko babba fyaɗe akwai maganin kariya daga cutar ƙanjamau, PEP muke ce masa, dole a fara shi cikin awa 72 wato kwana 3, kuma gara a fara a ranar, ana sha kwana 28. In kwana ukun ya wuce shikenan wannan ƙofar ta rufe. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa shi kuma har kwana 5 yana aiki amma kullum ƙarfinsa raguwa yake. Ga maganin ciwon sanyi, ga allurar ciwon hanta, ga ta tetanus in akwai rauni. Kwalin maganin da zaka ba ta a kanti baya hana ƙanjamau kuma baya hana ciki. Abin da zaka yi mata na alheri shi ne kace Hajiya ɗauko ta yanzu yanzu, kar a jira gari ya waye.

Umman Sadiq: Kwana 3?? Wayyo Allah. A layinmu akwai yarinya ƴar shekara tara mai tallan gyaɗa, wani mai shago ya ja ta ciki. Uwar ta gane tun a daren saboda yadda take tafiya, amma me akayi, aka dafa ruwan zafi da bagaruwa aka gasa ta, aka wanke kayan tas aka ce kar kowa yaji. Kwana biyu ana jiran uban ya dawo daga Legas, da ya dawo aka tafi wurin mai unguwa akayi zama uku, dangin mai shagon suka kawo kuɗi wai na magani. Sai da yarinyar ta fara zazzaɓi tana fitar da ruwa mai wari sannan aka kai ta asibiti, ranar kwana na shida. Ni na raka su, kuma wlh ban san da zancen awa 72 ɗin nan ba sai yanzu da nake karantawa, da na sani da ko faɗa zamuyi sai na ɗauke ta a daren

Maman Ikram: Kuma mai shagon fa?

Umman Sadiq: Yana nan yana buɗe shagonsa. Su ne ma suka tashi daga unguwar

Barista Zainab: Wannan labarin Umman Sadiq na ji irinsa ya fi a ƙirga. Abubuwa biyu nake so mutanen gidan nan su riƙe. Ɗaya, ba sai an fara zuwa caji ofis ba kafin asibiti, a fara da asibiti. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin lafiya ƙin duba mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, don haka zancen sai kin kawo takardar ƴan sanda ba shi da tushe. Biyu, in da hali kar ayi wanka kar a wanke kayan, a naɗe su a takarda ba a leda ba a tafi da su. Amma ko anyi wankan a je, lafiyarta tafi shaida.
Kuma a nan Zariya muna da cibiyar Salama a asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, an buɗe ta ne musamman don waɗanda aka yi wa fyaɗe da cin zarafi, akwai duba lafiya akwai masu ba da shawara da kwantar da hankali akwai haɗa mutum da ɓangaren shari'a, kuma kyauta ne. Akwai irinta a Kakuri da Tudun Wadan Kaduna da Kafanchan. Mutane da yawa suna wucewa ta bakin asibitin kullum basu san da ita ba.

Nuhu mai kemis: Ni kaina ban sani ba Barista, kuma ina garin nan aka haife ni

Barista Zainab: To ka gani. Sannan Dakta Aminu kuyi haƙuri zan taɓa ku kaɗan. Shari'o'i da yawa a kan takardar likita suke mutuwa. Za a kawo rahoto layi biyu, ba kwanan wata sosai ba bayanin rauni, wani ma a rubuta wai budurcinta na nan ko ba ya nan shikenan, lauyan wanda ake ƙara ya ɗauka ya yi ta juyi da shi. In aka nemi likitan yazo kotu kuma sai ace an canza masa wurin aiki

Dakta Aminu: Ban musa ba Barista. Gaskiya da yawanmu gudun shari'ar muke, mutum ɗaya yana duba marasa lafiya sun fi ƙarfinsa a yini, sannan a kira shi kotu ya bar layi ya je ya zauna tun safe a ɗage zama, ya sake zuwa a sake ɗagewa, ba ko kuɗin mota. Wasu har barazana dangin mai laifin ke yi musu. Wannan ba hujja bace amma shi ke sa in an ga irin kes ɗin kowa ya tura wa na ƙasa da shi, wanda bai taɓa koyon rubuta irin rahoton ba. Zancen budurci kuwa ina tare da ke ɗari bisa ɗari, tun 2018 hukumar lafiya ta duniya ta fito tace gwajin budurci ba shi da tushe a ilimin likita kuma shi kansa cin zarafi ne. Ba a gane an taɓa mace ko ba a taɓa ta ba ta hanyar dubawa, kuma rashin rauni baya nufin ba a yi fyaɗe ba, da yawa ba a samun rauni musamman in kwanaki sun wuce ko an tsorata ta bata yi kokawa ba. Aikina in rubuta abin da na gani da abin da ta faɗa, alƙali ne zai ce anyi ko ba a yi ba. Amma iyaye kan zo su tsare ka, likita duba mana ita ka faɗa mana ko tana nan. Sai ka zaunar da su kayi ta bayani

Admin: Wata ƴar uwa a gidan nan ta turo min wannan ta gefe tace in saka ba suna.
"Ni abin ya faru da ni. Shekara huɗu ina shan duka, ranar da ya fasa min kunne na daure naje asibiti ni kaɗai. Na faɗa wa malamar da ke rubuta kati a hankali, sai ta ɗaga murya a gaban layi tace ke kuma me kika yi masa, ku matan yanzu baki gare ku. Duk aka juyo ana kallona har da wata ƴar unguwarmu. Kafin in isa gida labari ya riga ni, a daren na sha wanda yafi na jiya. Ban sake faɗa wa wani mai farin kaya ba. Wadda ta taimake ni daga baya wata unguwarzoma ce a ƙaramin asibitin unguwa lokacin awon cikina na uku, ita ta lura da kanta ta rufe ƙofa tace ƴata wa ke miki haka. Kuka nayi kamar raina zai fita. Bata ce in fita ba bata ce in zauna ba, ta dai ce ba laifina bane kuma ta tambaye ni wa nake da shi, nace yayana. Ita ta bani ƙarfin kiran sa. Yanzu ina gidanmu da yarana kunnen dai har yau baya ji sosai."

Sista Rabi: Allah sarki ƴar uwa. Ki yafe mana. Wallahi na san irin wannan malamar, ina aiki da irinsu, wata rana ma in gajiya tayi yawa ban ce ban taɓa ɗaga wa wata murya ba

Maman Ikram: Tunda an zo nan bari in faɗa, ku kanku ma'aikata sai kun gyara. Ɗakin haihuwa fa? Mari a cinya, zagi, a ce miki lokacin da kike jin daɗinki ai bamu nan. Ni an faɗa min wannan a haihuwar fari ina shekara sha tara. Macen da kuka mara tana naƙuda ta yaya zata dawo ta faɗa muku sirrin gidanta

Dakta Hadiza: Babu abin da zan kare a nan Maman Ikram, gaskiya kika faɗa. Wannan ma cin zarafi ne kuma a ƙarƙashin rufinmu ake yinsa. Ƙarancin ma'aikata gaskiya ne, unguwarzoma ɗaya da masu naƙuda biyar, amma gajiya bata halatta mari.

Malam Ibrahim: Assalamu alaikum, na biyo ku tun daga sama. Alhaji Sabo yayana ne amma zan ɗan saɓa masa. Nana A'isha ta ba da labari cewa Manzon Allah SAW bai taɓa dukan mace da hannunsa ba, ko mai yi masa hidima. Kuma a fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi, matar da ta tabbatar da cutarwa alƙali na iya raba auren. To da me zata tabbatar in ba shaida? Sau da yawa a ɗaki ake yi ba mai gani. Kenan takardar da likita ya rubuta da gaskiya taimakon shari'ar Musulunci ce ba kishiyarta ba. Rufin asiri da addini ya yi umarni da shi ba a yinsa a kan jinin wanda aka zalunta. Mu ma malamai muna da laifi, mun fi yawan wa'azin haƙuri ga mata fiye da wa'azin tsoron Allah ga maza

Alhaji Sabo: Malam na karɓi gyara a kan duka, ni ban taɓa ɗaga wa iyalina hannu ba kuma ina da ƴaƴa mata biyar a gidan miji. Amma ga tambaya ga Barista. Tunda gwamnatin El-Rufai ta sa hannu a dokar dandaƙa a 2020, ni abin da nake gani mutane sun ƙara ɓoyewa ne. Mai laifin nan yawanci ba baƙo bane, kawu ne ko ɗan maƙwabci ko ɗan kishiya. Wa zai kai ɗan uwansa inda za a dandaƙe shi a kashe? Sai su ƙi zuwa asibitin ma gaba ɗaya don tsoron kar maganar ta fita

Barista Zainab: Baba dokar tana nan kamar yadda ka faɗa, Satumba 2020, wanda ya yi wa yaro ko yarinya ƙasa da shekara 14 fyaɗe dandaƙa da kisa, in ta haura haka dandaƙa da ɗaurin rai da rai. Kafin ita ma jihar Kaduna ta amince da dokar hana cin zarafin mutane a 2018, ta tarayya kuwa tun 2015. Tsoron da kake faɗa ni ma ina jinsa a bakin iyaye. Amma yarinya ƙarama ba kamar babbar mace bace, bata da bakin kare kanta, in wanda ya yi yana cikin gidan kuma aka mayar da ita aka yi shiru to an miƙa masa ita ne, da ƙannenta. A nan ya kamata ma'aikacin lafiya ya sanar da masu kula da walwalar yara, ba zai ɗinke ya sallama kawai ba.

Alhaji Sabo: To ai kin ga inda matsalar take. In sun san za a sanar ba zasu kawo ta ba, in basu kawo ta ba awa 72 ɗin Dakta ya wuce. Ni dai ban ga mafita a nan ba

Dakta Aminu: Ni ma ba zan ce maka ina da cikakkiyar amsa ba Baba. Abin da nake yi dai magani nake fara bayarwa kafin kowace magana, ta haɗiye ƙwayar farko a gabana, sannan mu zauna da uwar in faɗa mata gaskiyar abin da zan yi da dalilinsa. Da yawa uwar dama tana so, tsoron dangin miji ne ya ɗaure ta, in ta samu wanda zai ce ni ne na kai ba ke ba sai kaga ta samu sauƙi

Umman Sadiq: Wannan haka yake wlh, uwar yarinyar nan ta layinmu har yau cewa take da ma wani ya ƙwace maganar daga hannunta

Nuhu mai kemis: Dakta don Allah a rubuto min da Hausa gajere, kwana 3 na kaza kwana 5 na kaza da sunan cibiyar nan ta Ƙofar Gayan, in buga in manna a kanti daga ciki inda mata ke tsayawa. Zan kai wa ƴan uwana masu kemis na Muciya da Cikaji su ma. Tambaya ɗaya, in uwa tazo min kwana goma ya wuce fa, ince mata me?

Dakta Hadiza: Kace ta kawo ta duk da haka Malam Nuhu. Za a yi gwajin ciki da na ƙanjamau a sa mata ranar maimaitawa, a yi maganin ciwon sanyi, a duba rauni, kuma yarinyar tana buƙatar wanda zai zauna da ita don wasu sai bayan makonni suke daina barci ko su fara fitsarin kwance ko su ƙi makaranta. Zan rubuto maka anjima in na fito daga tiyata.

Sista Rabi: Na gode muku duka. Yau ina da aikin dare, akwai wani ɗan ɗaki kusa da namu da muke ajiye katan ɗin ruwan drip, zan roƙi shugabar ɗakinmu a kwashe su a sa kujera biyu. Dakta Hadiza in kin samu sarari ranar Alhamis ko minti talatin ne kizo ki nuna wa ƴan ɗakinmu yadda ake tambayar nan, mu takwas ne har da masu shara don su ma suna gani